Tsakanin Rami da Gilashi

Litinin, da hantsi

Auta ce ta sayo min littafin nan, wai in riƙa zuba abin da ke raina maimakon in zauna ina kallon bango kamar wanda aka aika ya manta saƙo. Ni kuwa rubutun da na iya na katin aiki ne: an duba inji, an sa mai, an rufe rami. To bari in gwada.

Jiya suka mayar da mutuniyar, uwar Auta, ɗakin gilashi na asibitin da nake wa aiki. Yana hawan ƙasa, can ƙarshen baranda. Likita ya ce maganin da ake ɗura mata ya kashe sojojin jininta tare da abin da aka aike shi ya kashe, yanzu ko murar da yaro zai yi wasa da ita tana iya kayar da ita. Ba a shiga sai da riga da hula da takunkumi. Na miƙa hannu zan ɗauki rigar, Sista mai kula da sashen ta dafa ta.

"Baba, yau ka sauka rami?"

"Kusan kullum ina sauka, 'yata. Aikina ke nan."

"To ka yi haƙuri. Dokar sashen nan, wanda ya taɓa ramin sai ya kwana uku bai kusance shi ba, a gwada shi a ga babu komai, sannan ya shiga."

Na ce na yi wanka har sau biyu, na nuna mata farcena. Ta duba kuwa, da gaske ta duba, sannan ta ce ba ƙaryata ni take yi ba, amma abin da ake tsoro ba ya fitowa a ido. Ban yi musu ba. Ni ne mai korar masu shara daga bakin rami in sun zo da silifas, da wane bakin zan ce a karya min doka.

Na tsaya ta gilashi. Matar da muka yi shekara talatin da wani abu muna cin tuwo... a'a, muna cin abinci a kwano ɗaya, ta ɗaga min yatsu biyu daga kan gado.

Litinin, bayan la'asar

Duk abin da asibitin nan ya zubar, daga bene na sama har ɗakin wanki, gangarowa yake zuwa rami ɗaya a bayan ɗakin janareta. Ramin ya fi magudanar titi zurfi, don haka ruwan ba ya fita da ƙafarsa, sai an tura shi. Injuna biyu ke wannan aikin, suna zaune cikin ƙazantar kanta, Na Dama da Na Hagu, ɗaya na aiki ɗaya na hutawa. Na Hagu ya ƙone tun watan jiya, an kai shi naɗin waya, kullum ana cewa gobe. Ragar ƙarfen da ke tare tarkace ta ci tsatsa ta ɓule. Saura Na Dama shi kaɗai, baki buɗe, yana haɗiyar duk abin da 'yan Adam suka ga dama.

In ya tsaya, ruwan komawa yake ta bututu ya nemi rariya mafi ƙasa a ginin ya ɓullo ta nan. Ni na san inda take. Tana banɗakin ɗakin gilashi.

Ban gaya wa Auta ba. Dogo, abokin aikina, ya riga ni lissafawa, don da na buɗe baki sai ya ce, "Na sani, Gajere, ɗauki safar hannunka."

Talata, da safe

Na je wurin Injiniya, shugaban sashenmu. Mutumin kirki ne, sai dai tebur ya cinye shi. Ya ce in tafi hutu yau ɗin nan, ba ma sai na rubuta ba. Na ce to wa zai tsaya da Dogo. Ya hau juya biro a hannunsa.

Dokarmu ke nan, kuma ba ta ado ba ce. Ba a buɗe rami mutum ɗaya. Ɗaya ya sauka da ɗamara a ƙirji, ɗaya ya tsaya sama, hannunsa a kan mariƙin da ake juyawa a naɗe igiya, idonsa a kan na'urar gwada iska. Iskar ramin ba ta sallama. Da farko za ka ji warin ruɓaɓɓen ƙwai, in ta yi yawa sai warin ya ɗauke, ka ji wani daɗi kamar ka ɗan kishingiɗa, shi ke nan. Da mu uku ne, na ukun ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Mai gadi ko mai janareta ba sa tsayawa a madadi, ba a koya musu ba, ba a kuma yi musu alluran da aka yi mana ba. Na sama ma ba ya tsira daga dokar Sista, don igiyar a jiƙe take dawowa, kuma shi ke wanke injin in an ɗago.

Ni nake sauka, ramin ya fi karɓata. Dogo in ya shiga sai ya naɗe kansa kamar tabarma.

Injiniya ya ce ya nemi aron mutum daga wani asibiti, zai zo mako mai zuwa. Na ce Allah ya kawo shi.

Laraba, da azahar

Yau ma ta gilashi.

Alhamis, da yamma

Auta ta gano dabara. Ta sa mata waya a kunne, ni ina waje da tawa, muna kallon juna. Muryar tana iso ni bayan bakinta ya riga ya rufe, sai na ji kamar daga wata rana daban take magana.

"Sarkin rami, an tashi aiki?"

"An tashi, ranki ya daɗe."

"Ka rame."

"Gilashin ne, ba ya nuna mutum daidai."

"To ni ma gilashin ne." Ta yi dariyar da ta ƙare da tari. Da ya lafa ta ce, "Ka sauke shanyar da na bari?"

Na ce na sauke. Ban sauke ba. Zanenta mai ruwan ganye yana nan a kan igiya tun ranar da muka fito, rana ta fara cin gefe ɗaya. In na dawo gida iska na kaɗa shi, sai tsakar gidan ta zama kamar da mutum a ciki.

Ta ce da ma asibiti ya makara, ita ta fara kafa min wannan doka. Gaskiya ta faɗa. Tun muna ɗaki ɗaya ta buga ƙusa a bakin ƙofa don rataye hulata, ta ajiye bokiti da sabulu na daban, takalmina bai taɓa tsallake dokin ƙofa ba. Yara na rarrafe, ni ina tsugune a waje ina goge farce, tana tsaye a kaina kamar mai duba jarrabawa. Amma ba ta taɓa bari wani ya yi wa aikina dariya ba. Wata maƙwabciya ta taɓa gwadawa, har yau in ta hango ta sai ta sake hanya.

Juma'a, da hantsi

Na Dama ya kwana lafiya, yana tashi yana kwanciya da kansa. Dogo ya ce in zauna a ɗakin kayan aiki, kada in ko leƙa bayan janareta, shi zai riƙa duba allon fitilu, wannan ba ya buƙatar buɗe murfi. In Allah ya sa injin ya yi mana kara, ranar Litinin na shiga.

Na zauna ina jera sifanu daga ƙarami zuwa babba. Na watsa su na sake jerawa.

Asabar, bayan azahar

Barci ya ɗauke ni a kan benci. Na ga na buɗe murfin rami, sai na tarar da ruwa garau, har ana ganin ƙasa, da ƙananan kifaye suna zagaya Na Dama. Mutuniyar tana zaune a kan dandamalin da nake tsayawa, ƙafafunta cikin ruwa, tana wanke kwanuka. Na ce wa ya riƙe miki igiya. Ta ce ai nan ba a buƙata, sauko. Na nemi tsani na rasa, duk matakan sun narke. Ba ta damu ba, ta ci gaba da ɗauraya, tana kife kwanukan a kan iska suna tsayawa.

Na farka na ji bakina da ɗaci. Na je na tsaya ta gilashi, tana barci, Auta na gyangyaɗi a kujera. Hasken yamma ya faɗo a kan ledar ƙarin ruwa, ɗigon yana sauka a hankali, na tsaya ina bin sa da ido har na manta a tsaye nake.

Lahadi, da safe

Jar fitila ta kama, alamar Na Dama ya shaƙe. Dogo ya zo ya tsaya a ƙofar ɗakin kayan aiki, yana murza hularsa. Na tashi na ɗauko ɗamara.

Litinin, da hantsi

Da yau ne.

Talata, bayan la'asar

Bari in rubuta abin da muka ciro daga farfelar Na Dama, ko zuciyata ta huce. Bandeji ya fi ƙarfin ƙirga. Safar hannu. Ƙunzugun jarirai. Auduga da ta dunƙule ta zama kamar kan mutum. Igiyar ƙarin ruwa ta nannaɗe komai ta ɗaure. Da cokali. Ina so in ga mutumin da ya shiga banɗaki da cokali ya fito babu shi, bai kuma ji a jikinsa ba.

Allura ce abin tsoro. Ba ma sa hannu cikin farfela ko da safa biyu, da ƙugiya muke jawo tarkacen, mu zuba a jar leda a kai wurin ƙonawa. Dogo ya ce da mutane za su sauko su ga abin da suke aiko mana, da an daina gaisawa da hannu a garin nan.

Tun da sarƙar ɗago injin ta tsinke, sai mutum ya sauka kan dandamali ya maƙala ƙugiya da kansa. Mun kunna fanka ta hura iska mai kyau ciki, muka zura na'ura ta yi shiru, sannan na sauka. A can ƙasa akwai wani irin shiru da babu shi a ko'ina. Bututu ya buɗe baki a bango, ruwan kowane ɗaki na zubowa, na masu haihuwa da na masu tafiya, duk launi ɗaya. Na kalli sama na ga kan Dogo cikin da'irar haske, ƙarami kamar kwabo. Na ce a raina wani ɗigo a cikin ruwan nan daga ɗakinta ya fito, ruwan da Auta ta wanke mata fuska da shi. Kusancin da na samu a makon nan ke nan.

Bayan aiki, wanka. Kayan aiki a ganga mai murfi, takalmin roba cikin ruwan kulorin, hannu har gwiwa, buroshi a ƙarƙashin farce, sannan jiki duka, sannan kayan gida daga wata ƙofar daban. Fatar hannuna ta fara tsagewa.

Laraba, da safe

Na ɗauki bokitai masu murfi na bi sashe sashe ina ajiyewa a banɗakuna. Ban shiga ɗakunan ba, daga ƙofa nake roƙon masu jinya, don Allah abin da ba daga cikin mutum ya fito ba a sa shi nan. Wata tsohuwa mai jinyar jikanta ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai masan?" Ni da furfura har gira. Na ce ni ne, Inna. Ta ce Allah ya yi albarka, ta karɓi bokitin ta zuba lemunta a ciki.

Mutumin aro bai zo ba. An ce mako mai zuwa.

Alhamis, da yamma

Auta ta tare ni a baranda, takunkumi a wuya, idonta jawur.

"Baba, wai ba za ka iya barin ramin nan kwana uku ba? Kwana uku fa. Ai ba kai ka gina asibitin ba."

Na ce ana ƙoƙari.

"Tana tambayarka. In ta farka ƙofa take fara kallo. Jiya ta ce in taɓa mata goshi yadda kake yi, na taɓa ta ce ba haka ba ne."

Na so in gaya mata zancen rariyar banɗaki, na haɗiye. In na faɗa, daga yau duk ƙarar da ta ji a bututu sai gabanta ya faɗi, ita kuwa kayan da take ɗauke da shi ya ishe ta. Na bar ta ta yi fushi da ni. Ta juya ta tafi da tafiyar uwarta sak, kafaɗa ɗaya sama.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba da ita ba.

Juma'a, da magariba

Gida. Na dafa ruwan shayi na zuba kofi biyu, sai da na ajiye na biyun a gefenta na tabarma na tuna. Na shanye duka biyun don kada a yi asara.

Na buɗe durowarta ina neman almakashi, ƙamshin man da take shafawa ya taso ya cika ɗakin. Na zauna a bakin gado da durowar a buɗe. Ban san tsawon zaman ba. Kamar na ji ana jan ruwa a banɗaki, kamar ana tsaki don na bar murfin buta a ƙasa. Da na dawo hankalina duhu ya fara shiga, ga almakashin a hannuna, na rasa me zan yanka.

Asabar, da hantsi

Mun share farfela jiya da safe, mun ɗaura wata ragar wucin gadi da Dogo ya haɗa da wayar shinge. Ya ce za ta yi mana kwana uku ko da faɗa. Ya kama ni ta kafaɗa ya tura ni waje.

"Gajere, in na sake ganin ƙafarka a bayan janareta sai na ɗaga ka na ɗora kan tanki, in ga yadda za ka sauko."

"In fitila ta kama fa?"

"In ta kama zan kira ka."

"Ka rantse."

"Kai kam da naci. Je ka ka yi aski, kada baiwar Allah ta ɗauka ɓarawo ne ya shigo."

Bai rantse ba. Sai yanzu da nake rubutawa na lura.

Lahadi, bayan azahar

Ba ta karɓi waya ba yau, Auta ta ce bakinta ya yi gyambo, magana na mata wuya. Na rubuta TALATA da manyan baƙaƙe a bayan katin aiki na manna a gilashi. Ta daɗe tana kallo. Ta ɗaga hannu ta shafa haɓarta, ta nuna ni, wato ta ga askin.

Akwai canjin da na gani, amma ba zan rubuta shi ba.

Litinin, da safe

Na kai abin gwaji. Mai ɗakin gwajin ya ce gobe da safe. Na yi ta yawo a asibitin kamar baƙo, hannu a aljihu. Ashe akwai bishiyar lemo a bayan ɗakin magani, duk shekarun nan ban taɓa ɗaga kai na gan ta ba.

Talata, da yamma

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Sakamako ya fito babu komai. Sista da kanta ta ɗaura min rigar ta baya, ta sa min hula, tana tsokanata wai na fi likitocinsu kama da likita. Na sa takunkumi. Auta na ciki ta gyara kujera kusa da gado. Tsakanina da ƙofa bai fi taku biyu ba.

Akwai taga a ƙarshen barandar, tana kallon bayan janareta. Ban yi niyyar kallo ba, ido ne ya saba. Na ga murfin rami a buɗe. Na ga ƙarfe mai ƙafa uku da muke rataye igiya a tsaye, igiya ta sauka ciki a miƙe, fanka na juyawa. Na nemi mutum a sama ban gani ba.

Ban tuna na yanke shawarar komai ba. Na dai tuna muryar Sista a bayana tana cewa Baba, da sanyin siminti a tafin ƙafata, don takalman ɗakin sun fice a hanya. Na'urar gwada iska tana rataye a bakin ramin tana ta kuka ba mai jin ta, ƙarar janareta ta danne. Na leƙa. Dogo yana kan dandamali a kife, doguwar ƙafarsa ɗaya cikin ruwa.

Komai na jikina ya ce sauka. Abin da muke koya wa kowa shi ne kada ka bi wanda ya faɗi, in ka bi gawa biyu za a ciro. Allah ya sa ya ɗaura ɗamara. Na kama mariƙin igiya na yi ta juyawa ina ƙwala wa mai janareta kira. Ya taso a hankali yana juyawa a iska, kai a langaɓe, ruwa na zuba daga jikinsa. Na rungume shi na jawo shi kan siminti, na sa yatsu na share masa baki, na danna ƙirjinsa har ya yi wani irin tari ya amayar a kan cinyata. Aka zo da gadon turawa aka tafi da shi.

Na zauna a ƙasa. Farar rigar da Sista ta ɗaura min ba a gane launinta. Jar fitila tana nan a kunne, ruwa na hawa. Injiniya ya iso ya cire agogo ya sa safar hannu ya kama mariƙin igiya, don shi ma an taɓa koya masa tun yana saurayi. Muka bar fanka ta yi aikinta har na'ura ta yi shiru, na sauka na maƙala ƙugiya.

Ruwan bai kai rariyar ba.

Laraba, da hantsi

Dogo na sashen maza, da robar iska a hanci, ƙafafunsa sun wuce gadon. Matarsa ta ba ni wuri ta fita.

Na tanadi maganganu tun daga gida, masu zafi, na jera su. Da na gan shi duk suka watse.

"Ka ce za ka kira ni."

"Na zo kira," in ji shi, muryar kamar ta wani. "Na hango ka ta taga ana ɗaura maka riga. Sai na ce ƙugiya ce kawai, in maƙala in fito, ko shayi ba zai huce ba."

"Shekara nawa kana gaya wa mutane ba a sauka mutum ɗaya?"

"Na sani." Ya juya kai wajen bango. "Ka shiga?"

Na ce ban shiga ba. Sai ga ƙaton mutum yana kuka ba sauti, hawaye na bin robar. Na rasa ko in mare shi ko in rungume shi, na gyara masa bargo na rufe ƙafafun.

An koma farko, in ji doka. Asabar ke nan.

Alhamis, bayan azahar

Mutumin aro ya zo, su biyu ma. Na Hagu ya dawo daga naɗi da sabon fenti. An kawo raga, an kawo sarƙa. Duk a yini ɗaya, kamar da ma a bayan ƙofa suke laɓe suna jira. Injiniya ya ce kada in sake zuwa aiki sai na ga dama.

Na tsaya ta gilashi har ƙafata ta yi sanyi. Ba ta buɗe ido ba. Likitoci sun shiga su uku, suka fito suna magana ƙasa ƙasa, da suka gan ni suka gaishe ni da ladabin da ya fi na kullum. Auta ta fito ta jingina kanta da kafaɗata, ta manta ba a taɓa ni. Ta ce mai janareta ya gaya mata zancen rariyar.

Asabar ba nisa. Na yi ta faɗa wa kaina haka a mota.

Juma'a, da la'asar

Da hantsi ina zaune a bencin baranda Sista ta zo ta tsuguna a gabana, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Baba, tashi ka shiga."

Na ce gobe ne, 'yata, kin manta, kuma ba a yi gwaji ba.

"Ba sai an yi ba."

"Shekaranjiya waccan fa a cikin ramin nake har wuya. Ki duba hannuna, duk ya tsage."

"Na sani, Baba. Likita ya ce ka shiga. Ka zauna yadda kake so, ba sai da takunkumi ba."

Na kalle ta, ta kalli ƙasa. Duk makonnin nan ina jin haushin dokar nan, yau na ji ina roƙonta a raina kada ta tafi. Na ce a bari zuwa goben mana, kwana ɗaya ne, ni ba na gaggawa. Na ji muryata tana faɗin haka kamar ta yaro. Sista ta kama hannuna da nata, ba safa, ta ce kada in bari sai gobe.

Na roƙi a ba ni lokacin wanka. Na koma ɗakinmu na yi shi cikakke, hannu har gwiwa, buroshi a ƙarƙashin kowane farce, jiki duka, kamar akwai sauran abin da za a tsare. Ba wanda ya hanzarta ni.

Ɗakin ya fi yadda nake ganinsa ta gilashi ƙanƙanta, kuma da ɗumi. Auta ta tashi ta fita. Na sa bayan hannuna a goshinta, na gangaro da shi gefen kunne. Ta buɗe ido. Ta kalli fuskata ba takunkumi, ta kalli rigar gidan da ke jikina, ta kalli ƙofar da aka bari a buɗe. Mace ce mai saurin lissafi tun da can.

"Haka suka bar ka ka shigo?"

Na ce haka.

Ta sake kallon ƙofar. Sannan ta ce, "To." Ta lumshe ido ta sake buɗewa. "Dogo fa?"

"Yana samun sauƙi."

"Kada ka yi masa faɗa."

Na ce ba zan yi ba. Na jawo kujera, ta girgiza kai. Ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta matsa can jikin bango don ta ba ni wuri, alhali ko rabin gadon ba ta ci ba. Na cire takalmi na hau.